Ƙurajen fuska iri-iri ne: amsa ga wadda maganin ƙawarta ya ƙi yi mata aiki

Tambaya: "Likita, shekarata 24, tun ina 15 nake fama da ƙurajen fuska. A hancina akwai baƙaƙen ɗige-ɗige. A goshina akwai ƙanana birjik masu ƙaiƙayi, musamman idan na yi gumi. Sannan duk wata idan al'adata ta kusa, sai manya masu zafi su fito min a haɓa, in sun tafi su bar baƙin tabo. Ƙawata ta ba ni man da ya warkar da nata, na shafa wata biyu. Da farko fuskata ta yi sumul, yanzu kuma abin ya fi na da. Shin duk ƙurajen nan abu ɗaya ne? Me ya sa maganin da ya yi mata bai yi min ba?"

Amsa: Sannu da fama, ƙanwata. Shekara tara ana kallon madubi da ɓacin rai ba ƙaramin abu ba ne, kuma kin kyauta da kika bayyana kowane ƙurji da wurinsa da halinsa, domin rabin aikin likitan fata ke nan. Daga bayaninki ina zargin abubuwa uku daban-daban ne suka haɗu a fuska ɗaya, man ƙawarki kuma ya ƙaro na huɗu. Ban ga fuskarki ba, don haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin duba ido da ido ba. Amma zan nuna miki yadda muke rarrabe su, saboda sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Mu fara da inda ƙurjin yake samo asali. Kowane gashi a jikin mutum, har siraran nan na fuska da ido ba ya cika gani, daga wani ɗan rami yake fitowa. A gefen ramin akwai 'yar jaka mai samar da maiƙo, maiƙon yana bin ramin ya fito saman fata ya hana ta bushewa. Waɗannan jakunkuna sun fi yawa a fuska da ƙirji da gadon baya, tafin hannu da na ƙafa kuwa ba su da ko ɗaya, shi ya sa irin wannan ƙurji ba ya fitowa a can. Idan balaga ta zo, homon ɗin androjin (homon sinadari ne da jiki yake samarwa ya aika ta cikin jini), wanda maza da mata duka suke da shi, sai ya sa jakunkunan su ƙara girma, maiƙo ya yawaita. A lokaci guda matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su zube daga bangon ramin sai su manne da juna, su cakuɗe da maiƙon, bakin ramin ya toshe. A cikin ramin akwai wata bakteriya da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar su, sunanta Cutibacterium acnes (kafin 2016 ana kiranta Propionibacterium acnes). Ba ta son iska, tana son maiƙo, toshewar nan kuwa ta ba ta duka biyun. Tana yawaita sai garkuwar jiki ta taso mata, wurin ya kumbura. Abubuwa huɗu ke nan: maiƙo, toshewa, bakteriya, kumburi. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna samun wani abu na wannan. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma rashin wanke fuska ba shi ke kawo shi ba.

Baƙaƙen ɗigon hancinki su ne matakin farko, toshewa ba tare da kumburi ba. Idan bakin ramin a buɗe yake, abin da ya taru a ciki yana haɗuwa da iska ya yi baƙi. Sinadarin melanin, mai ba fata launinta, da ke cikin matattun ƙwayoyin ne yake sauya launi, ba datti ba ne, shi ya sa duk dirzar da kika yi da soso ba ta fitar da su. Idan kuma siririyar fata ta rufe bakin ramin, sai ki ga ɗan tudu fari ko mai launin fatarki, girmansa milimita ɗaya ko biyu, ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Sau da yawa hannu ya fi ido ganinsa: ki shafa kumatunki ki ji gurji-gurji. Na rufen ya fi na buɗen zama matsala, domin shi ne yake fashewa ta ciki ya koma ƙurji mai zafi. Sai dai a kula, kusan kowa yana da ƙananan ɗigo masu ruwan toka, shafaffu, jere a kan hanci. Waɗannan hanyar maiƙo ce ta al'ada, in an matse sai su sake cika, kuma ba ciwo ba ne.

Ina so ki riƙe wannan, domin da shi za mu auna sauran. Asalin ƙurajen balaga kusan kullum suna zuwa da waɗannan toshe-toshen, baƙaƙe ko farare, kuma a fuska ɗaya za ki tarar da su a matakai daban-daban: wani bai kumbura ba, wani ya kumbura, wani ya ɗuri ruwa, wani ya bushe ya bar tabo. Idan kika ga ƙuraje duk girmansu ɗaya, kamar rana ɗaya suka fito, babu toshe ko ɗaya a tsakaninsu, to wani abu ne daban ya yi kama da su.

Mataki na biyu shi ne masu kumburi. Bangon ramin ya tsage, abin ciki ya zubo cikin fata, sai tudu ya taso mai ɗan zafi idan an taɓa, bai kai milimita 5 ba. A fata mai haske ja yake yi. A fata mai duhu jan ba ya bayyana sosai, sai ya fito ruwan ƙasa-ƙasa ko ya fi fatar kewaye duhu, kuma wannan yana sa a raina tsananin kumburin. Wasu suna tara mugunya a kai, ki ga farin kai ko rawaya-rawaya. Mugunyar nan fararen ƙwayoyin jini ne da suka zo faɗa. Waɗannan su ne hannu ba ya iya haƙura da su, kuma na san wuyar hana kai. Amma duk matsar da kika yi, wani ɓangare ne ke fitowa waje, wani yana komawa ƙasa, ƙurjin kwana biyar ya zama tabon wata biyar.

Na uku su ne manyan da ke can ƙasan fata. Sun wuce milimita 5, wani ya kai santimita ɗaya ko fiye, da tauri, da zafi ko ba a taɓa ba, ba su da kan da za a matse, kuma suna iya yin makonni. Wasu suna yin laushi su cika da ruwa da jini. Irin waɗannan ne suke cinye naman fata su bar rami, kuma man shafawa ba ya kaiwa inda suke. A wasu mutane, musamman samari, suna haɗewa ta ƙarƙashi su yi hanyoyi masu tsiyayar mugunya a baya da ƙirji. Akwai kuma wani nau'i da ba a cika gani ba, yana faɗo wa yaro matashi farat ɗaya da gyambo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Wannan na asibiti ne a ranar, ba a jira.

Na haɓarki masu zuwa da al'ada suna cikin wannan rukuni ko kusa da shi, kuma homon ne ke juya su. Sun fi zuwa wa matan da suka wuce ashirin, suna zama a haɓa da muƙamuƙi da saman wuya, ba su cika yawa ba amma kowanne yana da zurfi, suna tasowa kamar mako guda kafin jini. A yawancin mata idan aka auna homon a jini daidai yake, jakunkunan maiƙon ne suka fi saurin amsa masa. Amma zan tambaye ki abu uku da ba ki faɗa ba. Al'adarki tana zuwa a kan lokaci, ko tana tsallake wata biyu, uku? Kina ganin gashi mai kauri a haɓa, ko saman leɓe, ko ƙirji? Gashin tsakiyar kanki yana raguwa? Idan amsar ɗaya daga ciki e ce, a duba ki saboda larurar nan ta ƙwan mace da ake kira PCOS, domin a nan ƙurjin alama ce kawai ta wani abu da ke shafar haihuwa da sukarin jini. Ki kuma faɗa wa likita idan kina amfani da allura ko ashanar tsarin iyali, saboda masu ɗauke da homon ɗin furojestin kaɗai suna iya tayar da ƙuraje a wasu mata.

Yanzu goshinki, wanda shi ya fi jan hankalina. Ƙanana, masu yawa, masu ƙaiƙayi, masu tashi da gumi. Asalin ƙurajen balaga zafi suke yi, ba su cika ƙaiƙayi ba. Abin da kika kwatanta ya fi kama da kumburin ramin gashi da wani fangas (ƙwayar halitta dangin yis, ba bakteriya ba) mai suna Malassezia yake kawowa, dangin wanda ke da hannu a amosanin kai. Shi ma yana zaune a fatar kowa, maiƙo yake ci, zafi da gumi da mai mai nauyi suna sa shi yawaita. Ki tsaya gaban madubi inda haske yake da kyau, ki ja fatar goshin da yatsu biyu. Idan duk girmansu ɗaya, milimita ɗaya zuwa biyu, sun bi layin gashi, babu baƙin toshe a cikinsu, sannan akwai irinsu a ƙirji ko kafaɗa ko baya, zargin ya ƙara ƙarfi. Likita yana iya kankaro kaɗan ya duba a madubin awo ya tabbatar. Muhimmancin rarrabewar shi ne maganin kashe bakteriya ba ya taɓa fangas, yana ma iya ƙara masa fili idan ya rage bakteriyar da ke gogayya da shi. Mutum sai ya yi watanni yana shan doxycycline, wato maganin kashe bakteriya, abin yana ƙaruwa, alhali sabulun wanke kai mai ketoconazole ko selenium sulfide, a shafa a wurin a bar shi minti biyar kafin a ɗauraye, yana iya kwantar da shi cikin 'yan makonni. (Sunayen magunguna ina rubuta su yadda suke a jikin kwali, don ki gane su idan kin gani.) Yakan dawo, don haka ana ci gaba da wankin sau ɗaya a mako.

Akwai wani mai son goshi kuma, na man gashi. Likitoci uku, Plewig da Fulton da Kligman, sun bayyana shi a 1970: toshe-toshe farare cunkus a goshi da gefen kunne, daidai inda man kai mai nauyi yake gangarowa. Shi ba ya ƙaiƙayi sosai. Maganinsa na farko a daina kai man kusa da goshi, a riƙa sauya rigar matashin kai, a wanke duk abin da ake ɗaurawa a kai. Hoda da man fuska masu kauri suna yin irin wannan a kumatu. Haka duk abin da ke goga fata yana riƙe gumi, kamar takunkumi, igiyar hular kwano, ko madaurin jakar goyo, yana fito da ƙuraje daidai inda yake taɓawa.

Sai man ƙawarki. Ɗauko kwalin ki karanta abin da ke ciki. Idan kika ga betamethasone, ko clobetasol, ko fluocinolone, ko an rubuta cewa magani uku ne a haɗe, to sitiroyid kike shafawa, wato rukunin magungunan danne kumburi. Idan kuma haɗi ne da aka zuba a kwalba ba rubutu, ki ɗauka yana ciki har sai an tabbatar babu. Labarin da kika bayar shi ne labarinsa sak. Sitiroyid yana danne kumburi, don haka makon farko da na biyu komai yana lafawa, fata ta yi haske, ta yi santsi, kowa yana yabawa. Bai taɓa toshewa ba, bai taɓa maiƙo ba. Bayan makonni sai nasa ƙurajen su fito, ƙanana, iri ɗaya, da yawa, wani lokaci kewaye da baki. Fata ta yi siriri, ƙananan jijiyoyi su bayyana, rana ta riƙa ƙona ta, fangas ɗin goshi ya samu sakewa. Idan an daina sai fuska ta yi zafi ta ɓare, mutum ya tsorata ya koma, a haka wasu suke yin shekaru. Wannan abu yana ci min rai ƙwarai, saboda yawancin masu faɗawa ciki neman lafiya suke yi, kuma wanda ya ba su da kyakkyawar niyya ya bayar. Wata biyun da kika yi kina shafawa bai yi tsawon da fata za ta kasa farfaɗowa ba. Dole ki daina, amma ki je likita ya tsara miki yadda za ki janye, kuma ki sani tun yanzu cewa fuskar za ta ɗan ƙara muni na wasu makonni kafin ta daidaita. Kada wannan ya mayar da ke. Ƙawarki kuwa, in har sitiroyid ne, ba warkewa ta yi ba, ki gaya mata ita ma.

Wasu magungunan sha ma suna fito da ƙuraje masu kama da haka: prednisolone da dexamethasone, ciki har da wanda ake sha don ƙiba, lithium, phenytoin, isoniazid na tarin fuka, bitamin B12 mai yawa, da allurar gina tsoka. Wanda likita ya ɗora a kan ɗaya daga cikinsu kada ya daina da kansa, ya koma ya yi bayani.

Saboda masu karatu maza, ƙurajen da ke fitowa a gemu da wuya bayan aski gashi ne mai lanƙwasa yake komawa ya soki fata, maganinsu a daina aski ƙwal da reza. Na ƙeya masu tauri suna iya haɗewa su zama tudun tabo da gashi ba ya sake tsirowa a kai, a kai su asibiti tun suna ƙanana. Marurai masu maimaita fitowa a hammata da matsematsi da ƙarƙashin nono wata larura ce daban. Jarirai 'yan makonni sukan yi ƙananan ƙuraje a kumatu su tafi da kansu, ba a shafa musu komai. Yaro mai shekara 1 zuwa 7 da ya fito da ƙurajen balaga kuwa sai an binciki homon ɗinsa.

Game da tabo, abu biyu ne ake haɗawa a suna ɗaya. Ki shafa wurin da yatsa. Idan shafaffe ne, launi kawai ya sauya, wannan melanin ne da kumburi ya tara, ya fi yawa a fata mai duhu, kuma yana gushewa, sai dai yana ɗaukar watanni, wani ya haura shekara, rana kuma tana ƙara masa duhu. Idan kika ji rami, ko siriri mai zurfi, ko mai faɗi mai kaifin gefe, ko fatar ta yi kwari-kwari, nama ne ya tafi, babu man da zai cike shi, sai aikin likita, shi ma ragewa yake yi. Wasu jikinsu tudu yake yi maimakon rami, musamman a muƙamuƙi da ƙirji da kafaɗa. Wannan ne dalilin da ya sa ba na son a yi wa manyan ƙuraje haƙuri a ce za su wuce da shekaru. Ƙurjin zai wuce, ramin yana nan.

To me za ki yi? Na hanci da sauran toshe-toshe, adapalene 0.1% shi ne ginshiƙi. Da dare, a busasshiyar fata, ɗan kaɗan a kan yatsa ya ishi fuska duka, kuma duk fuskar ake shafawa, domin aikinsa hana toshewar da ba ta bayyana ba tukuna. Ki fara da sau biyu ko uku a mako, ki bi shi da man fuska marar nauyi, amma ki bari sai fatarki ta huce daga sitiroyid kafin ki fara. Masu kumburi, benzoyl peroxide: na 2.5% yana aiki kusan kamar na 10% kuma bai kai shi ƙona fata ba, sai dai yana cinye launin tawul da tufafi. Clindamycin na shafawa ba a amfani da shi shi kaɗai, sai an haɗa da benzoyl peroxide, in ba haka ba bakteriyar ta saba da shi. Azelaic acid na 15% ko 20% yana taɓa ƙurji da baƙin tabo a tare, ina ganin zai dace da ke. Da rana ki shafa man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi ya isa, ba dirza, ba lemo, ba man goge baki.

Na haɓa, idan na shafawa bai isa ba, likita yana da zaɓi: doxycycline na wata uku zuwa huɗu tare da na shafawa, ko ƙwayar tsarin iyali mai homon biyu ga wadda ta dace da ita, ko spironolactone wanda ke rage tasirin androjin. Ga manyan masu barin rami akwai isotretinoin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1982, yana shanye jakunkunan maiƙo, yawanci ana sha wata huɗu zuwa shida, kuma mutane da yawa ba sa sake komawa yadda suke. Yana busar da leɓe da fata, ana bibiyar jini da ko mai sha yana shiga damuwa ko baƙin ciki, kuma yana nakasa ɗan tayi nakasa mai tsanani. Dole mace ta kasance tana kan kariya daga ɗaukar ciki tun wata guda kafin ta fara, da duk lokacin sha, da wata guda bayan ta gama. Ba maganin da ake karɓa daga hannun ƙawa ba ne. Idan kina da juna biyu ko kina nema, adapalene da ɗan'uwansa tretinoin da doxycycline da spironolactone su ma a ajiye su, likita ya zaɓa miki tsakanin azelaic acid da benzoyl peroxide.

Kada ki fara duka a rana ɗaya, in fatar ta ɓaci ba za ki san wanne ya jawo ba. Ki fara da janye man nan, da kuma wanke goshi da sabulun nan na wanke kai, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Kowane maganin ƙuraje yana buƙatar mako 8 zuwa 12 kafin a yanke masa hukunci, don haka ki ɗauki hoton fuskarki yau, gaba da gefe biyu, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ki maimaita duk bayan mako huɗu. Ranar da za ki ga likita ki tafi da hotunan, da kwalin man ƙawarki, da duk abin da kike shafawa a fuska da kai, da kwanakin al'adarki na wata uku da suka wuce.